Ina son kafa babbar rumfar leda don noman ganye cikin sanyin Michigan, ina neman shawara

Baban Hanifa (Michigan):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Da fatan iyalai suna lafiya. Shekara biyu ke nan da muka samu ɗan fili mai eka 2 a wajen garin Lansing. Muna lambu da bazara, alhamdulillahi, amma da Oktoba ta shiga komai ya mutu, sai kuma Mayu. Wata shida cur muna sayen ganyen da aka ɗauko daga California, ya kwana nawa a mota Allah kaɗai ya sani.

Na ƙudura niyyar kafa rumfar leda irin wadda manoman nan ke yi, wadda ake lanƙwasa bututun ƙarfe kamar baka a jera su, a lulluɓe da leda. Girman da nake so faɗi ƙafa 30, tsawo ƙafa 96. Burina gida ya ci, sauran in kai wa 'yan'uwa a masallaci ranar Juma'a. Uwargida ta ce in dai za a yi, to a fara da alayyahu da yakuwa da kuɓewa.

Tambayoyina: bututun roba na famfo zai yi, ko lallai sai ƙarfe? In lanƙwasa da kaina ko in sayi haɗaɗɗe? Ina za ta fuskanta? Kuma dole ne a sa mata abin ɗumama? Yanzu muna ƙarshen Maris, ina ganin ko a Oktoba na gama ai na yi sammako.

Ɗan Kura:
Wa'alaikumus salam. Allah ya sa albarka Yaya. Mu nan ai hunturu shi ne kakarmu, tumatir da albasa da karas sai sun gaji da yi. Ban san har sai an gina wa shuka ɗaki ba.

Hajiya Mai Lambu (Ontario):
Wa'alaikumus salam Baban Hanifa. Wannan sanyin da ya wuce shi ne na bakwai da na yi da rumfata, kuma yanayinmu da naku kusan ɗaya ne. Zan fara da maganarka ta ƙarshe, don ita ta fi tsorata ni. In ka gama a Oktoba ka makara, ka yi asarar shekarar gaba ɗaya.

Abin da mutane ba su ganewa shi ne, ba sanyi kaɗai ke tsayar da shuka ba, har da ƙarancin rana. Da zarar yini ya gaza awa 10, ganye ya daina girma, ko ya riƙa yi kamar ba ya yi. Ka ɗauko kalandar lokutan sallah ta masallacinku, ka dubi fitowar rana da magariba. Ranar da tazararsu ta faɗo ƙasa da awa 10, ka sa mata alama. A wajenku za ka same ta wajen mako na biyu na Nuwamba, kuma ba za ta dawo ba sai farkon Fabrairu. A ƙarshen Disamba yininku kusan awa 9 ne kacal, kai ma ka san yadda azahar da la'asar da magariba ke bin juna a guje a lokacin.

Saboda haka rumfar nan a tsakiyar sanyi ba gona ba ce, rumbu ce. Abin da ya riga ya girma kafin Nuwamba shi take ajiye maka da ransa, kana zuwa kana tsinka. Wanda ya shiga duhun yana jariri, a jariri zai zauna har Fabrairu. Karas na kan shuka shi a farkon Agusta. Kel, wani ganye ɗan'uwan kabeji, da kabeji irin na Caina ina dasa su ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Latas cikin Satumba. Sifinac shi ya fi kowa haƙuri, har farkon Oktoba yana yarda. Ka lissafa da baya, za ka ga dole ƙasa ta kasance a gyare a ƙarshen Yuli.

Wani manomi a jihar Maine, Eliot Coleman, shi ya yi suna a kan wannan salon tun shekaru da yawa. Gonarsa ta fi taku arewa, kuma yana girbi duk tsawon sanyi ba tare da ya hura wuta ba.

Baban Hanifa (Michigan):
Ikon Allah. Hajiya wallahi ban taɓa kawo maganar tsawon yini a raina ba. Ni duk tunanina a kan sanyi yake. To alayyahun fa?

Hajiya Mai Lambu (Ontario):
Ka ba wa uwargida haƙuri. Alayyahunmu na gida da abin da Turawa ke kira sifinac ba dangi na kusa ba ne a ɗabi'a, suna ne kawai muka haɗa musu. Namu ɗan zafi ne, daren farko da raɓa ta daskare zai yi baƙi ya kwanta. Haka yakuwa, haka kuɓewa, haka rama da lalo. Nasu kuwa zai daskare ƙiƙam da asuba, rana ta ɗaga ya miƙe kamar ba a yi ba. Amma ga inda za ta ji daɗi: rumfar za ta ba ku damar dasa kayan gida tun ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, su kuma kai har Oktoba. Kuɓewar da ke wahala a waje saboda gajartar bazara, a ciki sai ta yi ta zuba. Ku busar, ku sa a firiza, ga miyar sanyi ta samu.

Garba Chicago:
Ni ban yarda da wannan ba Hajiya, da girmamawa. In mutum zai kashe dubban daloli, me zai hana ya ƙara kaɗan ya sa hita mai gas ya noma abin da ransa ke so? Kel ai ana samu a kowane kanti da araha. Yakuwa ɗanya a Janairu kuwa, ko nawa ka ce 'yan'uwa za su biya.

Injiniya Bala (Ohio):
Malam Garba, ba kaɗan ba ne. Leda mai kaurin mil 6 (mil a nan kashi ɗaya cikin dubu na inci ne) ba bango ba ce, kusan duk zafin da ka hura cikin dare zai bi ta ya fita. Filin rumfar nan murabba'in ƙafa 2,880 ne, ya fi yawancin gidajen da muke zaune a ciki, ga tsayi, ga babu rufin da ke riƙe ɗumi. Yakuwa tana son ɗumin da ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, a waje kuma ana iya kwana a 18 ƙasa da sifiri. Kana maganar cike tazarar digiri kusan 40 duk dare na wata uku. Bayan haka matsalar da Hajiya ta faɗa tana nan, hita ba ta ƙara tsawon yini. Sai ka sake sayen fitilu.

Garba Chicago:
Na ji lissafin. Amma har yanzu ina ganin akwai kasuwa. Ko ɗan ɓangare ne a keɓe.

Hajiya Mai Lambu (Ontario):
In ɗan ɓangare ne, ka yi shi a ɗakin ƙasa na gidanka da fitila, inda ɗumin gida ya riga ya kai. Zai fi maka sauƙi nesa ba kusa ba.

Injiniya Bala (Ohio):
Bari in shiga maganar gini, Baban Hanifa, don nan ne na ga an yi kuka.

Bututun roba ka cire shi daga lissafi. A faɗin ƙafa 30 ba zai ɗauki ko iska ba, balle dusar ƙanƙara. Sanyi yana sa shi ya yi tauri ya tsage, kuma inda ya taɓa ledar yana cinye ta, sai ka ga ta ruɓe a kan layin bututun tun ba ta shekara biyu ba. Lanƙwasa ƙarfen saman shingen waya da hannu, wanda ake yi da ɗan abin lanƙwasa, yana da kyau ga ƙaramar rumfa mai faɗin ƙafa 12 ko 14. Ga irin taka a'a. Ka sayi haɗaɗɗe, ƙarfe mai rufin zin da ba ya tsatsa.

Siffa kuma iri biyu ce. Akwai mai zagaye kamar rabin ganga, akwai mai tsini a ƙoli. A Michigan mai tsinin za ka ɗauka. Mai zagayen samanta kusan a kwance yake, ƙanƙara tana samun wurin zama. Ƙanƙara mai jiƙa, irin ta ƙarshen Fabrairu da Maris, tana iya kai fam 20 a kowace ƙafa ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi. In inci 6 kawai ta taru a kan rufin da ya kai naka, kana maganar kusan tan 13 a kan bututu. Maƙwabcina ya sayi mai araha, bakunansa tazarar ƙafa 6, babu sandunan tokara a ciki. Dare ɗaya aka yi, da safe muka tarar tsakiyarta ta zauna a ƙasa, ƙarafan sun lauye, ko ɗaya bai moru ba. Ni na taya shi kwashewa, har yau ina jin abin a raina, don bashi ya ci ya yi ta.

Don haka bakuna kowace ƙafa 4. A tsawon 96 baka 25 ke nan, turaku 50. Ka nemi mai sandar gicciye da tokara a saman baka, in ba duka ba to aƙalla kowace ta biyu. Dogayen bututun da ke bin tsawon rumfa suna ɗaure bakunan da juna, kada su gaza uku, biyar ya fi. Kusurwoyi huɗu kuma a sa musu tokarar karkace saboda iska, don iska bangon goshi take fara duka.

Baban Hanifa (Michigan):
Allah ya saka da alheri Injiniya. Kuɗin da aka faɗa min na mai tsinin ya haura dala 10,000 tun kafin katako da ƙofa. Shi ya sa na fara tunanin roba.

Maman Ikram (Maryland):
To me ya sa sai babba? Yaya ka yi haƙuri, amma ni ina ganin zari ne. Mutum bai taɓa yi ba, ya fara da ƙafa 14 da 50 mana, ya koyi hannu. In ta lalace asarar kaɗan ce. Ga aiki kana zuwa, ga yara. Wa zai riƙa buɗewa da rufewa?

Hajiya Mai Lambu (Ontario):
Maman Ikram tana da gaskiya ta fuskar aiki, amma ta fuskar sanyi babba ta fi. Na fara da ƙarama, na sani. Sanyi ta gefe yake shigowa, ta cikin ƙasa. Ƙafa biyu zuwa uku na kowane gefe kusan kamar waje suke. A rumfa mai faɗin 14, in ka cire wannan me ya rage? A mai faɗin 30 kuwa tsakiyarta tana da ƙasa mai yawa da ta sha rana da yini, tana sakin ɗumin a hankali cikin dare. Iskar da ke ciki ma tana da yawa, ba ta saurin yin zafi, ba ta saurin hucewa. In kuɗi ne matsalar, ka rage tsawo kada ka rage faɗi. Ka yi 30 da 48, ka bar fili a gaba, in Allah ya hore ka ƙara bakuna.

Maman Ikram (Maryland):
Na fahimta Anti. Amma maganar buɗewa da rufewa tana nan.

Hajiya Mai Lambu (Ontario):
Tana nan daram, ƙanwata. Ranar da gari ya waye tas a Fabrairu, waje yana ƙasa da sifiri, ciki zai iya haura digiri 25 kafin azahar. In ba a buɗe ƙofa ba ganye ya yi gumi, laima ta taru, ruɓa ta shiga latas. Zafi da laima sun kashe min shuka fiye da sanyi. Dole a samu mai leƙawa da hantsi da kuma kafin la'asar.

Baban Hanifa (Michigan):
Wannan da sauƙi, aikin dare nake yi, da rana ina gida. Akwai kuma abin da ban faɗa ba. Tun Nuwamban bara na cike takardar neman tallafi a ofishin NRCS na ma'aikatar noman Amurka, ƙarƙashin shirinsu na tallafa wa manoma mai suna EQIP. Sun zo sun ga filin, ina jiran amsa. Ina tunanin in yi odar kayan yanzu don kada lokaci ya ƙure.

Injiniya Bala (Ohio):
Kada ka kuskura! Ko ƙusa ɗaya kada ka saya, ko turke ɗaya kada ka kafa, sai kun sa hannu a yarjejeniya. Abin da aka fara kafin sa hannu ba sa biya. Kuma ka duba sharuɗɗansu: haɗaɗɗen kaya suke so daga masu ƙerawa, leda mai kaurin mil 6 da za ta yi shekara 4, shuka kuma a cikin ƙasa ba a tukwane a kan tebur ba. Abin da za ka iya yi yanzu shi ne gyaran ƙasa da awo.

Malam Sani Bronx:
Tambaya don Allah. Wannan tallafin bashi ne da ruwa a kai? Kada ɗan'uwa ya shiga abin da zai dame shi.

Injiniya Bala (Ohio):
Ba bashi ba ne Malam. Kai za ka gina, su zo su duba, su mayar maka da wani kaso na kuɗin. Tun ƙarshen 2009 aka shigar da rumfunan nan cikin shirin. Sababbin manoma suna cikin waɗanda ake ba kaso mafi tsoka, kuma suna iya neman a ba su wani abu tun kafin a fara aiki. Ya tambayi jami'in da ke riƙe da takardarsa.

Ɗan Kura:
Ina ta bin maganar nan. Ni abin da ya dame ni daban ne. Tun 2016 da tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, kowace shekara zuciyarmu a ɗar-ɗar take da zafi ya fara. Irin wannan rumfar za ta tsare mana?

Nanle Jos:
Ɗan'uwa, siffar ce kawai ta yi kama, aikin ya sha bamban. Su ɗumi suke tarawa, mu ɗumi muke kora. Namu na nan Filato sama ce kawai leda, gefe duk raga ce mai ƙananan ido, a ƙoli kuma akwai baki a buɗe da zafi ke fita. Muna yi ne don ruwan damina da ƙwari, mu samu tattasai mai launi da kokwamba da tumatir lokacin da na waje ya ruɓe. Kuma mu tudu ya taimake mu, Jos ta kai mita 1,200 sama da teku. A Kura in ka rufe leda ruf irin ta Baban Hanifa a watan Maris, dafa shukar za ka yi. Tumatir da zafi ya wuce digiri 35 furensa zubewa yake ba ya ɗaura 'ya'ya. Raga tana rage sharon da farin ƙuda sosai, amma sai ka yi ƙofa biyu, ka tabbata dashen da ka shigo da shi ba ya ɗauke da ƙwai. In ta shiga ciki ta samu gida, ta fi ta waje ɓarna.

Ɗan Kura:
Na gode. Zan neme ka ta gefe.

Issufu Maraɗi:
Mu ma a Nijar garka da sanyi ake yin ta, salati da shu da karoti da tomati. Tun bayan farin 1984 da shugaban ƙasa Kunce ya matsa a kan noman rani abin ya kafu. Sai dai wajen duwatsun Ayar a Agadas, can kam ruwa na iya daskarewa da dare. Ina karantawa ina ƙaruwa.

Injiniya Bala (Ohio):
Na manta tambayar fuskanta. Lansing tana arewa da layin digiri 40 a taswirar duniya, kuma noman sanyi kake so, don haka tsawonta ya bi gabas da yamma. Rana a Disamba ƙasa-ƙasa take bi ta kudu, kana so dogon gefen ya tare ta. Bishiya ko gini da ke kudu, ka nisance shi aƙalla ninki biyu na tsayinsa. Inuwar Disamba ba irin ta Yuni ba ce.

Sai ruwa. Ruwan sama inci 1 a kan wannan rufin ya kai lita 6,800, kuma duk a gefe biyu zai zuba. In ba ka yi masa lambatu ba, cikin rumfar zai dawo. Ka ɗaga wurin kaɗan. Famfon ban ruwa kuma ka sa irin wanda ba ya daskarewa, bututunsa a binne ƙasa da inci 42. Kafin kowane haƙa ka kira 811 su zo su nuna inda wayoyi da bututun gas suka bi, kyauta ne. Ka kuma leƙa ofishin ƙaramar hukumarku ka ji ko suna buƙatar izini.

Wajen awo: ka kafa turakun kusurwa huɗu, ka ja igiya, ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta. A 30 da 96 ya kamata ka samu ƙafa 100 da inci 7, ta kowane ɓangare. In biyun ba su zo daidai ba kada ka ci gaba. Kuskuren inci uku a ƙasa, a sama za ka gan shi lokacin da ramukan noti suka ƙi haɗuwa.

Baban Hanifa (Michigan):
Salam jama'a, na dawo da labari. An sa hannu a farkon Yuni, kaya suka iso bayan mako huɗu. Na bi shawarar Hajiya ban jira rumfa ba: tun Mayu na kai ƙasa gwaji ta hannun malaman gona na jami'ar jihar Michigan, na zuba takin da ya ruɓe, na ja kunyoyi shida. Karas na shuka shi ran 3 ga Agusta alhali ƙarafa ne kawai a tsaye babu leda.

Turakun nan 50 su suka fi ba mu wuya. Kowanne sai ya shiga ƙasa kusan ƙafa 3, kuma kawunansu su daidaita da igiya. Bakwai sun ci karo da dutse, sai da muka tono. Na yi hayar injin buga turke na kwana biyu, ba don shi ba da har yanzu muna can.

Ranar ɗora leda gayya na kira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum goma sha ɗaya suka zo bayan sallar asuba ranar Asabar, har da 'yan'uwa biyu 'yan Ghana da wani ɗan Sudan da ya taɓa irin aikin. Muka ƙulle ƙwallayen tanis a bakin ledar, muka ɗaura igiyoyi muka jefa ta ƙoli, muka ja tare. Kafin ƙarfe takwas ta hau. Mun kama ta da wayar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake cusawa cikin kwarin alminiyom. Wajen tara iska ta fara motsi, da mun ƙara rabin awa da ba mu iya riƙe ta ba. Uwargida da maƙwabta suka yi mana waina da miyar taushe.

Hajiya Mai Lambu (Ontario):
Masha Allah, barka! Ka sake jan ledar wata rana da rana ta yi zafi, tana saki in ta ji ɗumi, sanyi ya zo ta ɗame. Leda mai sako-sako iska ke kaɗawa har ta yage. Yanzu saura mayafi na biyu. Ka sayi farin yadin nan mara nauyi na rufe shuka, ka kafa ƙananan bakunan waya a kan kunyoyi, ka shimfiɗa shi kamar ƙafa ɗaya sama da ganye. Kada ya taɓa ganyen, inda ya taɓa nan ke ƙonewa da sanyi. Wannan yadin shi ne rabin sirrin. Leda tana tare iska da ƙanƙara, shi kuma yana riƙe ɗumin da ƙasa ke fitarwa. Da safe in rana ta fito ka yaye, kafin la'asar ka mayar.

Injiniya Bala (Ohio):
Barka da ƙoƙari. In guguwa za ta zo, ka sauke gefuna ka kulle ƙofofi duka. Rumfa a rufe iska na bi ta kanta, in ta samu baki ɗaya ta shiga, ɗaga ta za ta yi. Ka tanadi dogon tsintsiya mai laushi na ture ƙanƙara, ka riƙa yi gefe da gefe, kada ka sauke ɓangare ɗaya ka bar nauyi a ɗayan.

Baban Hanifa (Michigan):
Salam. Yau 21 ga Janairu. Shekaranjiya ma'aunin waje ya nuna 19 ƙasa da sifiri. Na shiga da asuba na ɗaga yadin, ma'aunin da ke ƙarƙashi yana kan 7 ƙasa da sifiri, sifinac duk ya yi tauri ya yi duhu kamar an zuba masa ruwan zafi. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan. Na tuna Hajiya ta ce in rana ta ɗaga yakan miƙe, na fita na bar shi. Da na dawo wajen sha ɗaya da rabi, wallahi ya miƙe kore shar. Na tsinki kwando biyu. Karas kuwa ban taɓa cin mai zaƙinsa ba, yara ɗanye suke cinyewa kafin a kai kicin.

Inda aka samu matsala: latas manya sun lalace tun ƙarshen Disamba, ƙananan ne suka tsira. Kunya ta shida da na shuka ran 20 ga Oktoba, don na ga wuri ya rage, har yau ganyenta bai wuce kunnen ɓera ba. Sannan ɓerayen daji sun samu gida, sun ci karas ta ƙasa kusan rabin kunya.

Garba Chicago:
Gani ya kori ji. Ba hita ko ɗaya?

Baban Hanifa (Michigan):
Ko ashana ban ƙyasta ba Malam Garba. Juma'a uku ke nan ina kai ganye masallaci. Wata baiwar Allah ta yi miyar gyaɗa da kel ta aiko mana, ya shiga sosai.

Hajiya Mai Lambu (Ontario):
Alhamdulillahi. Zaƙin karas ɗin sanyi ne ya jawo, yana tara sukari don kada ya daskare. Kunya ta shida kada ka tuge ta, tana raye. Nan da mako biyu yini zai haura awa 10, ita za ta fara tashi, ita za ta ciyar da ku a Maris lokacin da sauran suka fara fure. Ɓeraye kuma ka sa tarko cikin ɗan akwati mai rami a jikin katakon gefe, nan suke bi, ka kuma share ciyawar da ke kewaye da rumfar. Kada ka sa guba inda abinci yake. Ka riƙa duba bayan ganye saboda ɗarɓa, da ɗumi ya fara za ta bayyana.

Abu ɗaya da za ka riƙe don gaba: ruwan sama ba ya taɓa ƙasar nan, don haka gishirin taki yana taruwa shekara bayan shekara, har ka fara ganin fari-fari a saman kunya kamar kanwa. Ka rage hannu wajen taki, ka riƙa kai ƙasa gwaji duk shekara. In lokacin canja leda ya yi, ka cire tsohuwar da kaka ka bar wurin a buɗe ruwa da ƙanƙara su wanke shi, ka ɗora sabuwa da bazara.

Maman Ikram (Maryland):
Yaya na janye maganata ta zari. Anti, mu da muke kudu da su, ranar da yininmu ke gaza awa 10 ɗaya ce da tasu?

Hajiya Mai Lambu (Ontario):
A'a, taku tana zuwa baya da kamar mako guda, tana kuma ƙarewa da wuri. Ɗauko kalandar masallacinku ki duba Nuwamba, ki turo min ranar, sai mu lissafa miki lokacin shuka da baya.

Baban Hanifa (Michigan):
Hajiya, uwargida ta ce in tambaya, yaushe za ta fara renon yakuwa da kuɓewa a cikin gida?

Hajiya Mai Lambu (Ontario):
Yakuwa tsakiyar Maris, a kusa da taga mai kallon kudu ko ƙarƙashin fitila. Kuɓewa ba ta son a dame saiwarta, ta jira farkon Afrilu, ta sa kowace ƙwaya a kofinta daban. Kada a fitar da su rumfa sai ƙasa ta yi ɗumi, kuma a bar farin yadin a kusa har tsakiyar Mayu.